Amon Jita a Rugar Arɗo Buba

A da, idan aka ce za a yi kiɗan jita a biki a ƙasar Tudun Wada ko Kiru, akwati ɗaya ake kawowa, wanda mutum zai rungume shi kaɗai ya ɗaure a bayan keke. A ajiye shi a gindin bishiya, mawaƙi ya tsaya, mai kalangu ya tsaya, kowa yana jin kowa. Tsohuwar da ke can bayan taro ma tana jin sunanta idan an ambata, ta taso ta yi liƙi. Yanzu kuwa a-kori-kura ake cikawa da lasifika, a jibge su kamar buhunan masara, a murɗe komai har ƙarshe. Ango ba ya jin kirarinsa, amarya tana toshe kunne da gefen mayafi, su kuma masu kayan suna tsaye suna gyaɗa kai wai sauti ya fita. Wane sauti? Injin niƙa ma yana da ƙara, ba wanda ya taɓa gayyatarsa biki.

Abin da ya sa nake wannan magana, ku ne. Kusan kowane mako sai ɗayanku ya zo mini da jita a rataye, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba Ilu, wane maɓalli ne kake murɗawa jitarka take daɗi haka?" Wai maɓalli. Shekara arba'in da ɗoriya ina wannan aiki, kuna so in nuna muku shi da yatsa ɗaya kafin shayinku ya huce. To ku zauna.

A Jos na koya, a hannun wani mutumin Kamaru da muke kira Papa Luka. A wurinsa na tsinci Faransanci, galibi ta hanyar zagi. Wata takwas na yi ban taɓa tsirkiyar jita ba sai dai in goge ta da tsumma. Aikina ɗaukar akwati, naɗe waya ba tare da ta karye a ciki ba, da kuma yawo. Yawon nan shi ne karatun. Idan ya jona kaya ya fara gwaji, sai ya ce in je bakin ƙofa inda mai gyaɗa take zama in saurara, in dawo in faɗi abin da na ji. In na ce, "Da daɗi," sai ya jefe ni da takalmi. So yake in ce ko amon ya yi kaifi yana soka kunne, ko ya yi dunƙule kamar mai magana da tuwo a baki, ko ganga ta danne shi. Daga nan ya tura ni kusurwar hagu, ya tura ni bayan ginshiƙi. Shi ya fara nuna mini cewa mai jita shi ne mutum na ƙarshe da ya san yadda jitarsa take fita, domin yana tsaye dab da akwati, akwatin kuma yana ƙasa yana yi wa gwiwarsa kiɗa. Sai ya ji kamar amon ya dushe, ya ƙara kaifi, ya ƙara ƙarfi, mutanen da ke zaune a gaba su ne suke shan azaba.

Akwatin jita, wanda kuke kira amfilifaya, ba wani abin sihiri ba ne. Yawanci maɓallan ƙarfi biyu ne. Na farko yana bakin shiga, shi ke ba amo zafi da ɗan gurzawa. Na biyu yana bakin fita, shi ke sa a ji nesa ko kusa. Sai uku na gyaran murya: na ƙasa mai kauri, na tsakiya, na sama mai kaifi. Jitar kanta tana da nata maɓalli a jikinta, wanda ku ba ku taɓa shi, kun bar shi a goma tun ranar da kuka saya. Akwatin Papa Luka irin na da ne mai kwalabe a ciki, sai sun yi zafi yake buɗe murya, don haka akwai gaskiya a maganar cewa wani daɗin ba ya zuwa sai an ɗan matsa masa. Amma ɗan matsawa aka ce. Ban taɓa ganin ya wuce rabi ba.

Bayan na bar hannunsa na yi yawo. A Kumasi na ga masu son amo tsaf kamar ruwan randa, ba gurzawa ko kaɗan. A Garwa yatsa ne ke aiki, amon a bushe, gajere, don kada ya rufe wanda ke biye da shi. A Agadas kuwa na ga abin da ya ba ni kunya. Mutum ya zauna a kan tabarma da ɗan akwati wanda bai fi kwalin sabulu ba, ya jona da batirin mota, ya kaɗa, kana can ƙarshen unguwa kana jin kowace tsirkiya daban. Har na sayi irinsa na taho da shi gida, ina gwaji da shi a ɗaki. Duk inda na je, gwanaye ba su da yawan ƙara. Na gani da idona a ƙasa huɗu, amma da muguwar shekara ta zo, ni ne na fara mantawa.

Shekarar ita ce wadda masu hayar manyan lasifika suka shigo mana daga birni. Kafin damina ta ƙare, duk mai biki ya koma tambayar akwati nawa za ka kawo, ba wace waƙa ka iya ba. Wani mai gida a Kiru ya dubi kayana ya ce, "Malam, wannan ai rediyo ce. Ni so nake a ji a ƙauyen surukaina." Zuciya ta ɗebe ni. Na sayar da akwatina mai kyau, na je Kano na kwaso wasu manya guda biyu na hannu. Bikin farko da na kai su a Bebeji ne. Na murɗe su yadda na ga ana yi, na tsaya a gabansu tun la'asar. Ba a kai magariba ba takardar lasifika ɗaya ta yage, ɗayar ta fara warin ƙuna. Jama'a suka watse suna dariya. Kunnena na hagu tun ranar yake ƙugi, har yanzu da nake muku magana. Wata biyu ba wanda ya kira ni. Na koma wajen surukaina a bakin Tiga ina ban ruwan tumatir, na ce da kaina idan rani ya fita haka, jitar ma sayar da ita zan yi.

Ina cikin kwamin tumatir abokin aikina Garba mai kalangu ya zo a mashin. Garba sa'ana ne, haifaffen Tudun Wada, amma iyayensa daga Borno suka zo, shi ya sa kowa ke ce masa Babarbare.

"Fito daga taɓon nan," in ji shi. "An samu aiki, amma mai wuya."

"Ni da ba ni da akwati?"

"Ɗan ƙaramin naka na Agadas fa? Shi ake so. Ko in ce shi kaɗai za a iya shigarwa a ɓoye a cikin buhu."

Ga yadda abin yake. Akwai wani Arɗo Buba a gefen dajin Falgore, rugage da dama suna jin maganarsa har wajen Doguwa. Shekarar da ta gabata an kai manyan lasifika wani biki kusa da shi, garke ya firgita ya ɓalle, ya faɗa gonar dawar maƙwabta. Da ƙyar dattawa suka kashe wutar. Tun daga nan Arɗo ya ce duk wani kiɗa mai waya ba zai sake shiga rugar da ke ƙarƙashinsa ba. To ga ɗansa Bello zai yi aure, shi kuma ya nace sai jita, don ya ji ta a wajen kiwo can arewa. Uban ya gaji da naci, ya kafa sharaɗi. Mai jita ya zo da hantsi, lokacin tatsa, ya kaɗa a bakin garke. Idan shanu suka tsaya aka tatse su, a yi kiɗan biki da yamma. Idan suka tayar da hankali, maganar ta mutu har abada, ba a wannan ruga kaɗai ba. Kuma dawar maƙwabcin nan tana nan tsaye ba a yanke ba, taku kaɗan daga shingen garke.

Muka isa rana ta ɗan ɗaga. Na gaida Arɗo da Fulatancin da na koyo a Garwa, ya amsa yana kallon buhun da ke hannuna, ba fuskata ba. Dogo ne, siriri, da sanda a kafaɗa. An ɗaure maruƙa a dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera su a jiki, iyayensu na tsaye a garke suna jira. Matar Arɗo, Inna Hajjo, ta fito da ƙwarya ta tsuguna a gefen wata farar saniya.

Na jona akwati da batirin mota, na ajiye shi a ƙasa a kan dandaryar fili. A nan na yi kuskuren da har yau idan na tuna nake jin haushin kaina. Na san idan aka rage ƙarfi amo yakan sirance. Sai na ce bari in cike gurbin da kauri, na murɗa maɓallin ƙasa har takwas. Ƙarfin kam ɗan kaɗan ne, ko hira ba zai hana ba. Na ɗora babban yatsa a kan tsirkiya mai kauri na buga sau uku.

Maruƙan nan gaba ɗaya suka miƙe, dangwali ya ɗaure tamau. Farar saniyar ta yi tsalle gefe, ƙwaryar Inna Hajjo ta kife. Wata ja mai dogayen ƙaho ta sunkuyar da kai ta nufi shinge, ɓangaren gonar dawa, sauran suka fara binta.

"Ya isa!" Arɗo ya ɗaga sanda. "Kashe. Naɗe kayanka."

Na kashe. Bello, angon, bai ruga ba, bai yi ihu ba. Daga inda yake tsaye ya ɗaga haɓa ya kira jar saniyar da sunanta, da wata murya siririya da ke fitowa ta hanci, wadda ba ta fi ta mai hira ƙarfi ba. Saniyar tana can kusan ƙarshen garke, ta tsaya cak, ta waiwayo. Ya sake kira, ta juyo, sauran suka lafa. Ni kuwa na daskare da waya a hannu. Muryar nan ba kauri a cikinta, ba kaifi, tsakiya ce zalla, ga shi ta ratsa kukan shanu hamsin ta isa inda aka aike ta.

Inna Hajjo ta ɗauki ƙwaryarta tana karkaɗe ƙasa. "Kai mai waya," ta ce, "wannan abu naka gurnani yake yi. Haka kura take yi a bayan shinge. A tafin ƙafata na ji shi kafin kunnena ya ji. Wace saniya za ta tsaya?"

Arɗo ya riga ya juya baya. Da ni kaɗai ne, da shi ke nan, domin baƙo ba ya ja da maganar mai ruga a gaban iyalinsa. Amma kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Babarbare yana iya faɗa wa Bafillace abin da ko hakimi ba zai faɗa ba, kuma dole a yi dariya. Garba ya gyara ratayar kalangunsa ya sha gabansa.

"Tsaya, bawana. Ina za ka ubangidanka yana magana?"

Arɗo ya tsaya. "Wa ya sako wannan mai tsagen fuskar cikin rugata? A duba ƙwaryar nono, kada ya shanye."

"Nonon da ya zube? Ni na zaci shanun Fulani jarumai ne. Ashe ɗan akwati kamar na sabulu ke kora su. Bari in koma Tudun Wada ranar kasuwa in ba da labari, a ce shanun Arɗo Buba sun ga rediyo sun gudu."

"Kai dai Babarbare ba ka da kunya. Kakanka ma a bayan shanunmu ya girma yana tsintar kashi."

"Na ji. To jikan mai tsintar kashi ya ce a sake gwadawa sau ɗaya. Idan suka motsa, ni da kaina zan ɗauki wannan tsoho da jitarsa in jefa a Tiga."

Matan da ke bakin bukkoki suka fashe da dariya. Arɗo ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya ƙi. Ya nuna ni da sanda. "Sau ɗaya. Don wannan bawan nawa kada ya yi kuka a hanya."

Yanzu ku buɗe kunne, ga amsar tambayar da kuke damuna da ita. Abu na farko, na ce a ba ni abin da zan ɗaga akwatin daga ƙasa, domin dandaryar ƙasa tana ƙara wa amo kauri, ta kai shi ƙafafun dabba. Na hango turmi na nufe shi.

"A'a! Turmina?" in ji Inna Hajjo. "A ciki nake daka furar angon. Ka mayar mini da shi kujerar aljaninka?"

"Inna, aro ne, ba zai ci ba."

"Ka shimfiɗa buhu tukuna. Kuma idan furata ta yi gurnani, kai za ka sha."

Na kife turmin, na shimfiɗa buhu, na ɗora akwati. Na sa ɗan dutse a ƙarƙashin gabansa don bakinsa ya kalli kunnena, in ji gaskiyar abin da ke fita. Na juya shi ya ba maruƙa baya. Maɓallin ƙasa na dawo da shi biyu. Na tsakiya na kai shi bakwai. Na sama na bar shi a rabi, don kada ya yi tsini. Na bakin shiga na ɗaga shi daidai inda amo ke fara ɗumi bai kai ga gurzawa ba, na bakin fita na ajiye shi a uku. A jikin jitar na rage nata zuwa bakwai, na mayar da ita kan maɗaukin amo na kusa da wuya, wanda ya fi taushi. Robar kaɗawa kuma na jefa ta aljihu, na koma naman yatsa.

Ban fara da tsirkiya mai kauri ba. Na fara da na tsakiya, a hankali, ina bin hawa da saukar kiran da Bello ya yi ɗazu. Maruƙa suka ɗaga kunne. Ɗaya ya ja igiya, ya saki. Garba ya shigo da kalangu can ƙasa-ƙasa, da yatsu, ba da makaɗi ba. Inna Hajjo ta saki ɗan maraƙin farar saniyar ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna ta sa ƙwarya tsakanin gwiwoyinta.

Arɗo bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ƙwaryar yake kallo. Saniyar da ta tsorata takan riƙe nononta, ko an matsa ba ya zuwa, wannan shi ne alƙalin da ya zaɓa. Na ci gaba da kaɗawa. Sai na ji wani abu, tsiri, tsiri, tsiri. Ƙarar nono ce a gindin ƙwarya. Ku lura da wannan: ina kaɗa jitar lantarki, kuma ina jin faɗuwar nono daga taku goma. Amon jitar kuwa a cike yake, zagaye, kowace tsirkiya da jelarta, irin wanda ban samu ba ko sau ɗaya a gaban manyan akwatunan da suka cinye mini kunne. Wani makiyayi da ke can bakin rafi ya zo daga baya yana tambaya wa ke kiɗa, ya ce tun daga can yake bin waƙar.

Ƙwarya ta cika har kumfa ta taso. Inna Hajjo ta miƙe ta kai wa mijinta. Ya duba, ya kurɓa, ya miƙa wa Garba.

"Sha, bawa. Kai kuma mai waya, da yamma ka zauna can gindin ɗorawa. Yadda yake ɗin nan, haka za ka bar shi. Idan na ga hannunka ya je wajen abin murɗawan nan, da sandar nan zan dawo da shi."

Aka yi biki da yamma. Mata suna kiɗan ƙwarya suna waƙa, jita tana bi ta ƙarƙashin muryarsu, ba wanda ya ɗaga murya don a ji shi. Bello ya yi rawa har hularsa ta faɗi.

Na san abin da za ku yi. Za ku rubuta biyu, bakwai, rabi, uku, ku je ku murɗa, ku dawo ku ce Baba ya ɓoye wani abu. Lambobin nan na wannan fili ne, da wannan akwati, da wannan safiya. A ɗaki mai rufin kwano daban ne, a fili mai yashi daban ne. Abin da ba ya canjawa shi ne ka ɗaga akwati daga ƙasa, ka rage kauri, ka ba tsakiya hanya, sannan ka ba wani jitar ya riƙe, ka taka da ƙafarka zuwa inda mutum na ƙarshe yake zaune ka saurara. Wannan takawar ce kuke ƙyuya. Kun fi son ku tsaya a gaban lasifika rigarku tana kaɗawa.

Arɗo Buba bai janye dokarsa ba, gyara ta ya yi. Ya ce akwatin da mutum ɗaya zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya shigo, wanda ya fi haka ya tsaya a bakin titi. Ya rasu shekarun baya, amma rugagen wajen har yau a kan haka suke, kuma daga can ne kusan duk aikina yake zuwa, daga Falgore har Doguwa. Bukukuwan cikin gari kuwa sun zama na masu a-kori-kura, yawancinsu ko makaɗi ba su ɗauka, wayar hannu suke jonawa. Tun bikin Bebeji ba a sake kirana kiɗa a cikin gari ba, kuma na daina jira.